Ina Za Mu Ci? Zaɓen Wurin Cin Abinci Tsakanin Abalessa da Tamanrasset

A Kano ko Maraɗi, idan abokai shida suka shirya fita cin abinci, gardamarsu ba ta wuce ta unguwa: wannan ya ce a nufi can, wancan ya ce nan kusa ma akwai. A Abalessa, wani ƙaramin gari a kudancin Aljeriya, tambayar "ina za mu ci?" tana ɗauke da kimanin kilomita 80. Tazarar ke nan tsakanin garin da Tamanrasset, babban birnin jihar, inda gidajen abinci suka yawaita har mutum ya samu zaɓi. Wanda ya ce a tafi birni ya san za a ƙona mai, a ba da rabin yini, a kuma yi ƙoƙarin dawowa kafin dare ya yi nisa. Wanda ya ce a zauna a gari kuwa ya yarda a ci abin da aka tarar.

Masu wannan tambaya iri-iri ne. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aka turo daga arewacin ƙasar, waɗanda ke marmarin girkin gida. Akwai direbobin manyan motoci da ke bin hanyar yamma zuwa Silet. Akwai 'yan ci-rani daga Nijar da Mali da ke aikin lambu da gini, da yawansu masu jin Hausa. Akwai baƙi 'yan yawon buɗe ido da suka zo ganin kabarin Tin Hinan, yunwa ta kama su da tsakar rana. Ga kuma 'yan gari, Abzinawan yankin duwatsun Ahaggar da maƙwabtansu, da suka yi baƙo suna son fita kunyarsa. Wanda ya saba da wannan yanki ya san ba jerin abinci ake fara dubawa ba. Mutanen da za su zauna ake fara ƙirgawa, sannan a dubi agogo, sannan aljihu.

Garin da labarinsa ya fara da neman abinci

Abalessa ba birni ba ce. Ƙidayar 2008 ta nuna mutum 9,163 ne a ƙaramar hukumar baki ɗaya, har da ƙauyukanta, alhali Tamanrasset ta haura dubu 90 tun a lokacin. Amma a tarihi Abalessa ce babba. Ita ake ɗauka a matsayin tsohuwar cibiyar Ahaggar, kuma a kan wani tudu da ke kallon kwarin garin ne kabarin Tin Hinan yake, matar da Abzinawan yankin ke kira kakarsu. A 1925 masu binciken kayan tarihi Byron Khun de Prorok da Maurice Reygasse suka tone kabarin, suka tarar da ƙasusuwan mace a kan gadon katako, da mundayen azurfa a hannu ɗaya, na zinariya a ɗaya hannun. Masana sun danganta shi da wajen ƙarni na 4, an kuma kai ƙasusuwan gidan tarihi na Bardo da ke Aljiyas, babban birnin ƙasar.

Labarin baka ya ce daga Tafilalt ta ƙasar Maroko ta taso tare da baiwarta Takamat. Guzuri ya ƙare musu a tsakiyar sahara, sai Takamat ta tono hatsin da tururuwa suka tara, da shi suka rayu har suka iso wannan kwari. Dattawan ƙasar Hausa da suka ji labarin shekarun yunwa daga bakin iyayensu ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Abin da ya tsayar da matafiya a Abalessa tun wancan zamani shi ne ruwan da ke ƙarƙashin yashin kwarin. Har yau garin na lambuna ne: dabino, ɓaure, inabi, tumatir, albasa da sauran kayan miya. Saboda haka mafi yawan mutanen gari a gida suke ci, kuma baƙon da ke da masauki ba ya bukatar gidan abinci. Abin da ake samu a bakin hanya shi ne irin na kowane ƙaramin gari a kudancin Aljeriya: wurin shan kofi da shayi, da ƙananan wuraren da ake soya dankali da ƙwai a cusa cikin burodi, ko a gasa nama. Mutum biyu ko uku za su ƙoshi ba tare da wahala ba. Mutum goma da suka faɗo ba sanarwa kuwa suna iya cinye tukunyar ranar tun kafin rabinsu su samu.

Shi ya sa masu dabara ke aika yaro ko su buga waya tun da hantsi, su faɗi adadinsu. Mai abinci a ƙaramin gari daidai cinikin da ya saba yake girki, ba ya ajiye rara.

Agogo da hanya

Idan aka yanke shawarar shiga birni, hanya ce ke fara magana. Daga Abalessa ana bin kwalta gabas har a haɗu da babbar hanyar da ta ratsa sahara, a kusa da ƙauyen Tit, inda sojojin Faransa suka gwabza da mayaƙan Ahaggar a 1902. Daga nan a karya kudu zuwa Tamanrasset. Tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan kai idan mota lafiyayya ce. Da dare raƙuma kan hau kwalta, kuma a ƙarshen lokacin zafi, wajen Agusta da Satumba, ruwan da ya sauka a kan duwatsu kan cika busassun kwari cikin ɗan lokaci har ya datse hanya. Direban da ya san yankin ba ya gardama da kwarin da ya kawo ruwa; jira yake yi.

Yanayin garuruwan biyu ma ba ɗaya ba ne. Tamanrasset tana kan tudu, sama da mita 1,300 daga teku, don haka zafinta bai kai na Abalessa ba, wadda ke ƙasa da ita. A lokacin zafi wannan kaɗai kan sa a zaɓi cin abincin dare a birni. A lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin daren Tamanrasset yana ratsa ƙashi, kuma wurin da teburansa ke waje ba ya yi wa dattijo ko ƙaramin yaro daɗin zama.

Sai kalanda. Tun 2009 Juma'a da Asabar ne hutun ƙarshen mako a Aljeriya. Ranar Juma'a gari kan yi tsit daga hantsi har bayan an sauko daga masallaci, wurare da yawa ma sai la'asar ko magariba suke buɗewa, domin ranar kuskus ce a gida. Ƙungiyar da ta taso daga Abalessa da safiyar Juma'a da niyyar cin abincin rana a birni za ta sha zagaye. Daren Alhamis shi ne daren fita, shi ne kuma daren cunkoso. A watan azumi gidajen abinci a rufe suke da rana, bayan tarawihi ne tituna ke cika. A sauran ranaku, abincin rana daga sha biyu ne zuwa wajen ƙarfe biyu. Wanda ya makara sai ya haƙura da abin da ya saura a gindin tukunya.

Tukubar mai nama

A tambayi mutumin Tamanrasset abin da baƙo bai kamata ya bar gari bai ci ba, zai ce "mainama". Haka Larabawa da Abzinawan birnin suke kiran gasasshen naman da mahauta Hausawa daga Nijar suka kawo musu, har sunan mai sana'ar ya zama sunan abincin. Bahaushe na ganinsa zai gane ɗan'uwan balangu ne: manyan yankan naman rago a kan waya, garwashi a ƙasa, a bar shi ya gasu a hankali, a lulluɓe shi da takarda don ya yi laushi, sannan a yayyanka a gaban mai saye, a barbaɗa yaji, a watsa albasa. Daga Tamanrasset sana'ar ta bazu zuwa wasu garuruwan kudancin ƙasar.

Ga ƙungiyar da ke son cin abinci ba tare da wani tsari ba, da wuya a samu abin da ya fi wannan sauƙi. Ba a bukatar kowa ya zaɓi nasa, balle a jira faranti shida su fito ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda ne zai tsaya gaban tukuba ya nuna yankan da yake so, ya faɗi na nawa za a yanka. A shimfiɗa takarda a tsakiya, a kawo burodi, kowa ya sa hannu. Idan wani ya iso a makare, sai a ƙara yanka. Idan wuri ya cika, a naɗe naman a tafi da shi gindin wata bishiya a bayan gari. Ga wanda Larabcinsa bai nuna ba kuma, a nan ne zai yi ciniki da harshen uwarsa. Sallama ɗaya da "sannu da aiki, Malam" ta isa ta buɗe hira: daga wane gari, yaushe aka shigo, ina labarin gida. Sau da yawa a bakin tukuba baƙo ke jin inda ake neman lebura, da motar da za ta sauka kudu, da unguwar da mutanen garinsu suke.

Dalilin da ya sa nama ya wadata a birnin da ke tsakiyar duwatsu da yashi yana kudu. Doka ta amince wa jihohin kudancin Aljeriya su yi cinikin ban-gishiri-in-ba-ka-manda da Nijar da Mali: dabino, gishiri, barguna da kayan roba su sauka, tumaki, raƙuma, kayan yaji, lalle da mangwaro su hau. Dogayen tumakin Sahel marasa ulu, waɗanda a can ake kira sidawun, su ne suka cika kasuwar dabbobi. Saboda haka farashin mainama yana bin lafiyar iyaka. A Afrilun 2025 dangantaka ta yi tsami bayan Aljeriya ta harbo jirgi marar matuƙi na sojojin Mali a kusa da garin Tin Zawatin na kan iyaka, har Mali da Nijar da Burkina Faso suka janye jakadunsu. A watan Mayu na shekarar kuma Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin babbar salla. Irin waɗannan matakai daga Yamai da Aljiyas suke fitowa, amma a gaban tukuba ake jin su, lokacin da kuɗin da ya saba ciyar da mutum shida ya tsaya a huɗu.

Mainama tana da iyakarta. Yawancin wuraren na maza ne, benci ne da tebur a bakin titi, ga hayaƙi ga ƙura. Mai hawan jini ko dattijon da haƙoransa suka yi rauni ba zai more ba. Kuma da yamma ne harkar ta fi kankama.

Sauran ƙofofin birni

Bayan tukubar mainama, iri na biyu su ne gidajen abincin da mutanen arewacin Aljeriya suka saba da su, kuma su suka fi yawa a manyan titunan tsakiyar birni. A nan akwai kaza da ke juyawa a kan wuta, da soyayyen dankali, da shorba, da wake da miyar tumatir wanda suke kira lubiya, da kuskus a wasu ranaku, da tsiren hanta da aka naɗe da kitse, wato malfuf. Kwandon burodi na zuwa tun kafin a tambaya, domin gwamnati na tallafa wa farashinsa, ga harisa mai yaji a gefe, ga lemon Hamoud Boualem, kamfanin da ke aiki tun 1878. Amfanin irin wannan wuri ga ƙungiya shi ne kowa na samun abin da cikinsa ya yarda da shi. Kaza biyu, tiren dankali da kwanon salak sun isa mutum shida, kuma ana iya sanin kuɗin tun kafin a zauna.

Iri na uku ba su cika samun allo a ƙofa ba. Su ne ɗakunan da 'yan Afirka ta Yamma ke sayar da abinci a unguwannin da baƙi suka fi zama, irin su Gat el-Wad da Tahaggart: shinkafa da miya, shinkafa da wake, tuwo da miyar kuɓewa ko kuka. Araha gare su, kuma ga wanda ya yi watanni yana cin burodi safe da yamma, loma ɗaya ta tuwo magani ce. Sai dai wurin zama kaɗan ne, kuma sai da ɗan jagora ake gane su.

Na huɗu su ne ɗakunan cin abinci na otal-otal da masaukan 'yan yawon buɗe ido. Sun fi tsada, sun fi natsuwa, akwai makewayi da wurin wanke hannu, akwai inda za a ajiye mota. Tun da Aljeriya ta fara ba masu zuwa sahara biza a filin jirgi a 2023, ta hannun kamfanonin yawon buɗe ido da aka amince da su, baƙi na ƙaruwa tsakanin Oktoba da Afrilu, kuma yawancinsu kamfanin ne ke tsara musu inda za su ci. Ga 'yan gari, irin wannan wuri na ranar da aka yi babban baƙo ne, ko ake son tattauna wata magana ba tare da hayaniya ba.

Wa da wa za su zauna?

A ɗauki misalin mutum bakwai da suka taso daga Abalessa a mota ɗaya: magidanci, matarsa, 'ya'yansu biyu, surukinsa dattijo, ƙaninsa, da wani abokin aiki daga Tawa. Ƙanin zai ce, "Yaya, mu je wurin mai nama kawai." Magidancin kuwa sai ya waiwaya ya ce, "Baba, me kuka fi so?" Dattijo zai ce duk abin da aka samu, amma kowa a motar ya san an riga an fasa zama a bencin bakin titi.

Dalili na farko mata ne. A Aljeriya, musamman a garuruwan da ba na bakin teku ba, wuraren shan kofi da ƙananan gidajen abinci kusan na maza ne zalla. Gidan abincin da ke son iyali yakan ware ɗaki, a sama ko a ciki, ya rubuta a ƙofa cewa akwai zauren iyali. Idan da mace a tafiyar, wannan ce tambayar farko da ake aika yaro ya yi kafin kowa ya sauko daga mota.

Na biyu kunya ce. Ba'abzine mai rawani ba ya sauke amawali a gaban wanda yake jin nauyinsa. Ta ƙarƙashinsa yake kai loma ko kofin shayi baki. A gaban suruki kuwa abin ya fi tsanani, har wani ya gwammace ya haƙura da cin. Bahaushe ya san wannan sarai, domin shi ma ba ya sakin jiki ya ci abinci a gaban surukinsa. Mai shirya fita da ya san ya kamata yakan nemi wurin da za a iya raba zama biyu, manya a gefe, samari a gefe, don kada wani ya tashi da yunwa saboda ladabi. Teburi ɗaya dogo da kowa ke kallon bakin kowa bai dace da irin wannan tafiya ba.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba: takardu. Tamanrasset na da tazarar kimanin kilomita 400 daga In Gezam, garin iyaka, kuma ta wannan gari ake bi da baƙin da hukumomin Aljeriya suka kama zuwa Asamaka a Nijar. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum dubu 30 da aka kora ta wannan hanya a 2024 kaɗai. Ga leburan da ke aikin lambu a Abalessa ba tare da cikakkun takardu ba, tafiyar kilomita 80 a kan hanyar da ke da shingayen jami'an tsaro ba ƙaramar kasada ba ce, kuma babu farantin da ya kai wannan. Abokan kirki ba sa tilasta masa, ba sa kuma barinsa a baya. Ɗaya daga cikinsu ne zai je birni ya yo sayayya, a zauna a ci a lambu.

Lissafi

Kusan duk abin da ake ci a Tamanrasset, in ban da nama da ɗan kayan lambu, a bayan babbar mota ya zo. Daga Aljiyas zuwa nan kusan kilomita 2,000 ne. Gari, mai, kaji, lemo, duk sai sun ratsa Gardaya da In Salah kafin su iso, kuma kuɗin wannan tafiya yana cikin farashin faranti. Ƙa'idar da masu tafiya suka sani ita ce a ci abin da ya fi kusa da inda aka samo shi. Rago da raƙumi na nan. Kifin teku kuwa ya yi doguwar tafiya cikin zafi kafin ya iso, kuma ba kowane mai abinci ne ke da sanyin da zai riƙe shi ba.

Kuɗin hannu ake biya, da dinari. Katin banki ba ya aiki a yawancin ƙananan wurare, sefa da naira kuma sai an canza su tukuna. Yana da kyau a riƙe ƙananan takardu, domin neman canji na iya tsayar da mutum bakwai a bakin ƙofa. Inda ba a rubuta farashi ba, a tambaya tun kafin wuƙa ta taɓa nama. Ba abin kunya ba ne, kuma mai sana'ar kirki ya fi son haka.

Wa zai biya? A al'adar Larabawa da Abzinawa da Hausawa duka, wanda ya gayyata shi ke biya, kuma ciro kuɗi a gaban baƙo ana rarraba lissafi abin kunya ne. Amma tsakanin abokan aiki ko 'yan ɗaki ɗaya da ke ci-rani, karo-karo ake yi, kuma wanda aka yi tun a mota ya fi daɗi: a tara a hannun mutum ɗaya, a cire kuɗin mai, abin da ya saura shi zai nuna ƙofar da za a shiga. Ta haka wanda aljihunsa ya yi sanyi a wannan wata ba ya jin an tona shi, domin ba wanda ya ga nawa ya zuba in ban da mai riƙon kuɗi.

Abin da ido zai duba

Ruwa ne farko. Tamanrasset ta daɗe tana fama da ƙarancinsa, har sai da aka ja bututu mai tsawon kimanin kilomita 750 daga In Salah, wanda ya fara aiki a 2011. Duk da haka tanki da jarka ba su bar gidajen abinci ba. Wurin da ya tanadi buta da sabulu a inda kowa zai gani, ya kuma ware ruwan wanke kwanuka da na kurkurewa, ya nuna halin mai shi. Na sha kuwa, na gora da ba a buɗe ba ya fi kwanciyar hankali, musamman idan da yara.

A wurin mai nama, a dubi naman da ke rataye kafin wanda ke kan wuta. A dubi ko an rufe shi daga ƙuda da ƙura, a kuma lura ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke yanka. Wurin da 'yan gari suka yi layi, namansa ba ya kwana. A gidan kaza, a dubi man suya: idan ya yi baƙi, dankalin zai faɗa wa ciki daga baya, a kan hanyar da babu inda za a tsaya. Salak da mayonis da suka daɗe a buɗe a lokacin zafi, barinsu ya fi.

Sai ƙananan abubuwa da kan ɓata fita idan an manta da su: ko akwai masallaci kusa, tunda magariba kan riski masu cin yamma, ko akwai inda direba zai ajiye mota yana hango ta, ko akwai inuwa.

Idan aka fasa shiga birni

Akwai ranar da duk lissafin nan zai nuna cewa zama ya fi tafiya, kuma mutanen Ahaggar ba sa ganin an yi asara. Sukan ɗauki gari, nama, albasa, tumatir, tukunya da butar shayi su nufi kwari ko lambu. A haƙa yashi, a hura wuta da itacen ƙaya, a kwaɓa gari da ruwa da gishiri a yi faffaɗan curi, a binne shi cikin yashi mai zafi da toka. Bayan wani lokaci a juya shi, in ya gasu a kakkaɓe, a wanke yashin, a gutsuttsura cikin babban kwano, a zuba miya ko man shanu. Wannan ita ce tagella, abincin matafiyan sahara. Wani lokaci a haɗa da furar Abzinawa, wadda ake dakawa da gero da dabino da cuku.

A nan babu zauren iyali da za a nema, domin tabarma biyu sun raba zama. Babu shinge a hanya, babu mai jiran a tashi ya ba wasu teburi. Kamfanonin yawon buɗe ido ma haka suke ciyar da baƙinsu idan sun kawo su kabarin Tin Hinan ko sun hau da su dutsen Asekrem: mai girki na cikin ayari, tukunyarsa na bayan mota.

Abin da ya kamata a ware wa lokaci, a birni ne ko a kwari, shi ne shayi. Zagaye uku ne, daga mai ɗaci zuwa mai zaƙi, ana ɗaga buta sama ana zubawa har kumfa ya taru, kuma tashi bayan kofin farko rashin ladabi ne ga mai dafawa. Yakan ci sa'a guda cur. Wanda zai koma Abalessa a daren sai ya sa wannan sa'a cikin lissafinsa tun kafin a ɗora buta.

Lokacin da aka fi bukatar shiri shi ne na Asihar, kasuwar baje koli da Tamanrasset ke karɓa, inda 'yan kasuwa daga sassan Aljeriya da ƙasashen Sahel ke haɗuwa, da kuma hutun ƙarshen Disamba, sa'ad da 'yan arewacin ƙasar ke cika jirage zuwa kudu don ganin fitowar rana a kan duwatsu. A waɗannan makonni masaukai kan cika, tukubar da ta yi suna kan sayar da namanta da wuri, zauren iyali kuma sai an jira. Masu tasowa daga Abalessa a irin wannan lokaci sukan bar gari bayan azahar, su yi sayayyarsu a kasuwa, su zauna cin abinci da an idar da magariba, su kama hanyar Tit kafin ƙarfe tara.